Ƙwayoyin da Inna Ta Tsinta a Akwatina

Dauda, Asabe, wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku ƙuruciyata a Dogon Dutsi, na rubuta yadda na zama malamar lakkwal, wato makarantar boko, da yadda muka iso Yamai ni da babanku da akwati ɗaya da tabarma. Duk waɗannan ba su ba ni wuya ba. Wannan kuwa sau uku ina farawa ina yage takardar. Na san abin da kuka tashi kuna ji a bakin dangin babanku, wai uwarku ta sha ƙwayoyin Nasara ta rufe cikinta da hannunta don kada goyo ya hana ta aikin gwamnati, shi ya sa ku biyu ne kawai. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa buɗe baki ba. Ƙwayoyin gaskiya ne, na sha su. Sauran labarin ne ba haka yake ba.

Lokacin muna unguwar Yantala, a gidan haya mai ɗaki biyu, ƴan shekaru bayan samun mulkin kai. Shekaruna talatin da biyu, Dauda yana da bakwai, ke Asabe huɗu. Tun bayan yaye ki nake fama da ciwon mara, kuma jinin wata ya riƙa zuwa mini kamar an fasa tulu, har leɓɓana suka yi fari. Na yi ta daurewa, don a wancan zamani malama mace ba ta son a ce ta cika fashi. Wata Talata ina tsaye gaban allo ina koya wa yara lissafi, sai kawai na ji muryoyinsu suna nisa. Da na farka ina kan gadon asibiti. Aka ce akwai ƙari a cikina, sai an yi aiki. Aka yi. Na tashi da ɗinki daga cibiya zuwa ƙasa, babanku yana zaune a gefen gado da rigar da ya fita ofis da ita kwana biyu da suka wuce. Likitan, wani Bature dogo mai saurin magana, ya leƙo ya ce mini da Faransanci an cire abin da ke damuna, in ci abinci in huta. Na tambayi babanku ko akwai wani abu kuma. Ya ce babu, mu gode wa Ubangiji. Na gode masa.

Ban kai mako biyu a gida ba zafin ya fara. Ba zazzaɓi ba ne, na san zazzaɓi. Wannan daga ƙirji yake tashi kamar an buɗe murfin tukunya a cikina, ya hau wuya, ya hau fuska, kafin in ce wani abu gumi ya jiƙa mini riga. Lokacin sanyi ne, mutane na ƙudundune da mayafi, ni kuwa ina tsaye bakin randa ina zuba wa kaina ruwa. Na sha kinin har kunnuwana suka toshe, bai yi komai ba. Barci ya gudu. Da na koma aiki sai in tsaya da alli a hannu, kalmar da na koyar shekara goma ta ɓace mini. Sannan ga fushi. Ni da ake wa tsiya a lakkwal wai ban iya tsawa ba, sai ga ni ina rawar jiki don yaro ya zubar da tawada. Dauda, a kwanakin nan ne na jefe ka da ludayi don ka ce miya ta yi gishiri, ya fasa maka gira. Kai ka daina kuka kafin ni. Na zauna a ƙasa ina kallon hannuna, ban gane mai shi ba.

Wata uku jini bai zo ba. Na haɗa wannan da kasala da yawan kuka, sai lissafin ya ba ni abu guda. Na ce ashe ciki ne, ashe ƙarin ne ya tare hanya shekara huɗu, yanzu da aka cire shi Allah ya buɗe. Murna ta hana ni zama. Na je kasuwa na sayo yadi mai laushi, na fara ɗinka ƴan riguna. Ranar da na gaya wa babanku yana wanke hannu zai ci tuwo. Hannun ya tsaya cikin kwanon ruwa.

"Kin tabbata?" ya ce.

"Haba Baban Dauda, haihuwa biyu na yi, ban san jikina ba?"

Bai ci tuwon ba. Ya ce kansa ke ciwo. Na ɗauka tunanin ciyar da baki uku ne ya kama shi, har na yi masa dariya. Mako uku ina ɗinki a gabansa, ina tambayarsa sunan da yake so in namiji ne.

Maƙwabciyarmu a lokacin Yaya Zainabu ce, ƴar Damagaram, ungozoma a materniti, asibitin haihuwa. Musulma ce mai yawan azumi, ta girme ni da shekara goma, kuma ita ce ta riƙe ku lokacin da nake kwance. Wata safiya na bi ta wurin aikinta don ta duba ni. Ta kwantar da ni, ta shafa cikina tana ba ni labarin tsadar albasa. Sai labarin ya tsaya. Ta sa safar hannu ta sake dubawa daga ciki, ta daɗe. Ta ce in jira ta, ta ɗauki mayafinta ta fita. Na fi awa guda ina zaune ina jin kukan jarirai ta bayan bango. Da ta dawo tana riƙe da wata takarda mai ruwan ƙasa, ta rufe ƙofa, ta jawo kujera har gwiwarta ta taɓa tawa.

"Rahila, me aka gaya miki an cire?"

"Ƙari."

"Ƙari kawai?"

Ta miƙo mini takardar. Ta ce ni malama ce, in karanta da kaina, don ita bakinta ba zai iya ba. Rubutun likita ne, amma na saba da munanan rubutu. An cire mahaifa gaba ɗaya. An cire gidajen ƙwai guda biyu, na dama da na hagu. Na karanta sau uku. Kowace kalma na san ta, amma sun ƙi haɗuwa su zama magana. Na ɗaga kai na ce mata, to cikin fa, a ina yake zaune? Har yau in na tuna wannan tambaya sai in ji kunya da tausayin kaina. Yaya Zainabu ta riƙe hannuwana biyu ta ce babu ciki, kuma ba za a ƙara yi ba. Ta ce zafin nan da rashin barci da fushi, abin da ke samun mata ne in sun kai hamsin al'ada ta ɗauke musu, sai dai su a hankali yake zuwa musu cikin shekaru, ni kuwa wuƙa ta kawo mini shi a yini guda. Ban yi kuka ba. Idona ya sauka ƙasan takardar, inda aka rubuta amincewar iyali. Sa hannun da ke wurin na san shi fiye da nawa, da wutsiyar nan da yake ja a ƙarƙashin sunansa.

Daga materniti ban koma lakkwal ba, ofishin babanku na wuce da ƙafa, cikin rana. Akawu ne a lokacin, su huɗu a ɗaki ɗaya. Da ya ga fuskata sai ya tashi ya biyo ni waje, muka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi.

"Mako uku ina ɗinka riguna a gabanka," na ce.

Ya ce ana tsakiyar aiki likitan ya fito da jini har gwiwar hannu, ya ce ƙarin ya cinye mahaifa, gidajen ƙwan ma sun ruɓe da ƙurji, jini ya ƙi tsayawa, ko ya sa hannu yanzu ko ya je ya nemi makara. Ya sa. Bayan haka likitan ya ce kada a gaya mini sai na yi ƙarfi.

"Kullum sai in ce gobe," ya ce. "Da kika zo da maganar ciki kuma, sai na rasa ta inda zan fara."

"Sa hannun ban ƙi ba. Da ni ce a waje kai a ciki, da na sa. Amma ka bar ni ina zaɓen suna."

 Mutum ne mai wa'azi a coci in fasto ya yi tafiya, ranar nan kalma ɗaya ta gagare shi. Na juya na tafi gida, na tattara rigunan na kai wa Yaya Zainabu ta ba duk wadda ta haihu ba ta da su.

Ita ce ta ja ni wurin wata likita mace, ba wanda ya yi aikin ba, don na rantse ba zan ƙara ganin fuskarsa ba. Wannan ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar mutum. Ta ce gidajen ƙwai ba haihuwa kaɗai suke yi ba, akwai wani sinadari da suke zubawa cikin jini, shi ke riƙe da barci da sanyin jiki da ƙarfin ƙashi. Tunda an cire su ina da ƙuruciya, in ba a mayar mini da shi daga waje ba, ƙasusuwana za su tsufa su bar ni. Abin ya ɗaure mini kai, wai abin da Allah ya sa a jikin mace ana sayar da shi a farmasi cikin kwali. Ta jera mini hanyoyin a kan tebur. Akwai ƙwaya da ake haɗiya kowace safiya. Akwai allura mai ruwa kamar man gyaɗa, a yi ta a ɗuwawu sau ɗaya a wata, jiki ya riƙa tsotsa a hankali. Akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa da ake ɗan tsaga fatar ciki a binne shi ya yi watanni, sai dai wannan ba a samunsa a Yamai. Akwai kuma man shafawa na matanci, don bushewar da ban gaya wa kowa ba amma ita ta sani. Na ce kada a ƙara kusantar cikina da wuƙa ko da ta yankan farce ce. Na zaɓi ƙwaya. Kwana goma da farawa na yi barci har rana ta fito, na tashi zanena a bushe. Na zauna bakin gado ina jin tsoro, don ban taɓa zaton hankalina gaba ɗaya zai rataya a kan abu ƙarami kamar ƙwayar gero ba.

Da Ista kakarku Inna, uwar babanku, ta zo daga Dogon Dutsi za ta yi mana wata guda. Mace ce mai tsabta da son jikoki, kuma tun ranar da ta iso idonta yana kan cikina. Wata Asabar ta buɗe akwatina tana neman zare, ta ga kwalin. Ba ta iya karatu ba, amma a lokacin labari ya cika gari cewa Nasara sun kawo ƙwayar da matan ofis ke sha don hana haihuwa. Ba ta tambaye ni a ɗaka ba. Ta jira har Lahadi bayan sujada, mun dawo gida tare da matar fasto da wasu mata biyu na zumuntar matan coci da suka zo gaishe ta. Ana shan ruwa sai ta kwance bakin zanenta ta ajiye kwalin a tsakiyar tabarma.

"Ku da kuka yi boko," ta ce, "ku gaya mini, mace mai lafiya da miji, me take haɗiya kowace safiya a ɓoye?"

 Babanku yana zaune a kujera kusa da ƙofa, Littafi Mai Tsarki a kan cinyarsa. Na dube shi. Na ga ya jawo numfashi zai yi magana, sai na riga shi.

"Nawa ne, Inna. Likita ya ba ni."

"Na hana haihuwa ne?"

"Ba zan ƙara haihuwa ba," na ce.

Inna ta ɗora hannu biyu a ka. Matar fasto ta sunkuyar da kai tana kallon kofinta. Ban yi ƙarya ba, amma na san sarai abin da za su ji, kuma na bar su suka ji shi.

Shekaru da yawa ina gaya wa kaina don babanku na yi, kada a ce a ƙauye ya sayar wa Nasara da mahaifar matarsa. Akwai wannan a ciki, amma ba shi ne babba ba. Gaskiyar ita ce na gwammace a kira ni muguwa da a kira ni fanko. Na san yadda ake kallon macen da aka ce ba ta da mahaifa, na san muryar da ake yi mata sannu da ita, kuma ba zan iya ɗaukar wannan a shekara talatin da biyu ba. Akwai kuma na uku, wanda ya fi muni. Ina so babanku ya zauna ya kalli abin da shirunsa ya haifa, kamar yadda ya zauna ya kalle ni ina ɗinki.

Inna ta koma gida kafin watan ya cika, kuma daga ranar ba ta ƙara cin abincin da na dafa ba. In mun je Kirsimeti sai ta ce cikinta ba daɗi. A zumuntar mata ni ke ba da waƙa, sai aka ce mini a hankali in ɗan huta tukuna, hutun da ya kai shekara shida. Ku ma kun biya, na sani. Asabe, na ji abin da ƴaƴan gwaggonki suka gaya miki a bakin rijiya, na ji ta taga, ban fito ba. Bayan shekara guda babanku ya kasa jurewa, ya hau mota shi kaɗai ya je ya gaya wa Inna komai, har da sa hannun. Ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba.

"Ta ce kin koya mini ƙarya," ya ce. "Ta ce ba a cire wa mace mahaifa ta tashi ta yi tafiya."

Wannan ban shirya masa ba. Ina tsammanin gaskiyar tana hannuna, duk ranar da na ga dama zan sake ta ta wanke ni. Ashe ta riga ta wuce lokacinta. Inna ta rasu da abin da ta yarda da shi.

Ƙwayar ba ta daɗe tare da ni ba. Tana tayar mini da zuciya da safe, kuma sau biyu ta yanke a farmasi, aka ce kaya ba su iso ba, zafin ya dawo mini kamar bai taɓa tafiya ba. Likita ta mayar da ni kan allura. Yaya Zainabu ke yi mini, har aka yi mata canjin wurin aiki, za ta koma Kirkisoye a ƙetaren kogi. Ina tunanin yadda zan riƙa bin layi a asibiti kowane wata kowa na ganina, sai wata yamma na dawo daga lakkwal na tarar da babanku a tsakar gidanta, ta ba shi lemo da sirinji yana koyon soka. Mutumin da ke juya baya in ana yi muku lamba. Lemo goma sha biyu ya lalata kafin ta yarda da shi. A lokacin kusan shekara biyu ba ma magana sai ta cefane da ta yara. Ranar farko ya tafasa sirinjin a ƴar tukunya, ya fasa wuyan kwalbar maganin da tsumma, ya ja man a hankali don yana da kauri. 

"In ya yi zafi ki faɗa mini," ya ce.

"Zai yi. Yi kawai."

Ya yi zafi ƙwarai, wurin ya kumbura kwana uku. Na biyu ya fi sauƙi. Bai taɓa mantawa da ranar ba, ko yana tafiya sai ya dawo saboda ita. Bai kuma taɓa cewa in yafe masa ba, ni ma ban ce na yafe ba. A ranar allura ne kawai, bayan ya danna auduga, yakan bar hannunsa a wurin ya ɗan jima fiye da yadda aikin ke bukata.

Da shekaru suka ja, abubuwa suka canza. Likitoci suka gano cewa macen da mahaifarta ke nan ba ta shan sinadarin nan shi kaɗai, sai an haɗa mata da na biyu don ya kare mahaifar. Yaya Zainabu da nata lokacin ya zo, iri biyu aka ba ta, tana ta ƙorafin lissafin kwanaki. Ni ba ruwana da wannan, har mukan yi dariya a kai. Daga baya kuma aka kawo wani kamar man kitso mai sanyi, a shafa a dantse kowace safiya ya bushe, ba allura ba kumburi. Wani saurayin likita ɗan ƙasarmu ya nuna mini shi da murna, ya ce Mama kin huta, daga yau ba mai ƙara soka ki. Babanku yana zaune a benci a waje yana jirana, gashinsa ya fara fari, da ƴar tukunyarsa a gida da ba ya bari kowa ya dafa komai a ciki. Na juya kwalin a hannuna, na mayar wa likitan. Na ce masa jikina ya saba da allura, kada a taɓa mini ita. Ya yi ta mamaki, ya rubuta mini irin ta da.

Da muka fito babanku ya tambaye ni me likita ya ce.

Na ce, "Ya ce a ci gaba."